Yadda na sake haɗa sola a gidanmu bayan batura sun mutu

Ƙarar inbata ce ta tashe ni wajen ƙarfe uku na dare, irin siririyar ƙarar nan mai maimaituwa da take yi idan batir ya kai gargara. Kafin in lalubo takalmina fankoki sun tsaya, gidan ya yi tsit. Ban bi ta kan inbatar ba, kai tsaye na nufi wurin firji, na tsaya a gabansa da fitilar waya a hannu. A tsakiyarsa akwai wata 'yar roba mai murfi, a cikinta ake ajiye allurar insulin ta mahaifiyata. Shekara da shekaru tana fama da ciwon sukari, kuma insulin ɗin da ba a fara amfani da shi ba ana so ya zauna a sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8. Na kai hannu zan buɗe, sai na fasa, don na san firji in aka bar shi a rufe yana riƙe sanyinsa kusan awa 4, kowace buɗewa kuwa rage wannan lokacin take yi. Dare na biyu ke nan babu wutar gari.

Na ji muryarta daga ɗaki: "Lafiya dai ko?"

Na ce, "Lafiya lau, Umma. Batir ne ya ƙare, ki koma barcinki."

"Maganin nan fa?"

"Yana nan da sanyinsa. Gari ya kusa wayewa."

Ni kam ban koma barci ba. Na jawo kujera na zauna ina jiran rana, zuciyata cike da baƙin ciki, domin kayan nan ko shekara ba su cika ba. Wata 11 kafin wannan daren na sayi farantan sola biyu masu wat 300 kowanne, da manyan batura biyu na ruwa masu bolt 12 da amf-awa 200, da inbata mai juya wutar batir zuwa irin ta gida, da wata ƙaramar na'urar daidaita caji. Tambaya ɗaya tak na yi wa mai sayarwa: zai ɗauki firji da fanka uku da talabijin? Ya ce zai ɗauka, kuma bai yi mini ƙarya ba, inbatar tana da ƙarfin ɗaukar su duka. Abin da ban tambaya ba shi ne awa nawa zai riƙe su, kuma wutar da aka sha da dare ta wace hanya za ta dawo da rana. A watannin farko muna kaiwa har safiya da haskenmu. Daga baya sai ya koma mutuwa da asuba, sannan ƙarfe huɗu, sannan uku. Ina ganin abin yana ja da baya, ina ta cewa a raina sai na samu sarari zan duba.

Wani abokin aikina ne ya haɗa ni da injiniyan da ya yi masa nasa aikin. Da ya zo na zaci zai nemi tsani ya hau rufi, sai ya nemi takarda da biro da wurin zama.

Ya ce, "Malam, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Duk abin da ake jonawa a gidan nan ka lissafo mini, har da wanda ake jonawa in ba ka nan."

Muka kira maiɗakina, don ita ta fi ni sanin wannan. A nan na ji cewa wani lokaci da rana akan jona dutsen guga a kan inbata idan kayan makarantar yara sun matsa. Ban ga laifinta ba, babu wanda ya taɓa gaya mata cewa dutsen guga ɗaya yana jan wutar da ta fi ta fankokin gidan da fitilunsa a haɗe. Injiniyan ya bar mana wata ƙaramar mita da ake jonawa a soket sannan a jona kaya a jikinta, ya ce mu yi mako guda muna aunawa muna rubutawa. Kafin ya tafi ya bambanta mini abubuwa biyu da nake cakuɗawa. Wat shi ne ƙarfin jan wuta a lokaci guda, kamar kaurin ruwan da ke zubowa daga famfo. Wat-awa kuwa shi ne adadin da aka kwasa gaba ɗaya, kamar yawan ruwan da ya ragu a tanki. Inbata da wat ake auna ta, batir da wat-awa. Ni na sayi famfo mai kauri, ban dubi girman tanki ba, ban kuma dubi abin da ke cika shi ba.

Makon nan ya buɗe mini ido. Na daɗe ina ɗora wa firji laifi, ashe shi ne mai ladabi a cikinsu: injinsa yana tashi ya kwanta, tsawon dare bai wuce wat-awa 600 ba. Fankokin sama guda uku su ne manyan masu sha, kowace tana jan wat 70, awa 10 suna juyawa, wat-awa 2,100 ke nan. Ƙwayayen fitila takwas masu wat 9, awa biyar, sun ba da 360. Talabijin 320. Sai wanda ban taɓa kawowa a raina ba: ita kanta inbatar, ko ba a jona mata komai ba, muddin tana kunne tana cin kusan wat 40, daga faɗuwar rana zuwa hantsi ta kwashe sama da 500. Jimilla muna shan kusan wat-awa 4,000 kowane dare.

Da injiniyan ya dawo sai ya rubuta wani lissafin a ƙarƙashin nawa. Batura biyu, bolt 24 sau amf-awa 200, wat-awa 4,800. Na ce to ai ya isa har da saura. Ya girgiza kai.

"A takarda ya isa. Amma batirin dalma rabinsa ne naka, rabi nasa ne. In kana so ya yi shekaru kada ka wuce kashi 50 cikin 100. Kai kuwa kullum kana kwashe fiye da kashi 80."

Bai tsaya nan ba. Farantaina biyu, wat 600 a rubuce, a rana mai kyau abin da suke iya mayarwa bai fi wat-awa 2,000 da ɗoriya ba, firji kuma yana ci daga ciki tun da rana. Muddin wutar gari tana zuwa kullum, ita ce ke cike giɓin ban sani ba. Da zarar ta yi kwana biyu ko uku ba ta leƙo ba, baturan sai su kwana da yunwa su wuni da yunwa. Batirin dalma da asid tsohuwar fasaha ce, tun 1859 wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ya ƙirƙiro ta, kuma halinta bai canza ba. Yayin da yake ba da wuta, wani farin gishiri yana taruwa a jikin farantan dalmar da ke ciki. Idan aka cika shi da caji nan da nan gishirin yana narkewa ya koma cikin ruwan, idan kuwa aka bar shi kwanaki bai cika ba sai ya daskare, wurin da ya rufe ya daina aiki har abada. Ya buɗe murafen ɗaya daga cikin baturan ya haska mini. Ruwan ya ja baya har saman farantan ya fito fili, ya yi fari-fari kamar an barbaɗa toka. Na tuna sau ɗaya na taɓa ƙara musu ruwa, shi ma na famfo, alhali tataccen ruwa marar gishiri ake zubawa. Ga shi kuma na kulle su a wani ɗan ƙuntataccen ɗaki mai zafi marar taga. Zafi yana cinye rayuwar irin wannan batir, ƙarin digiri 10 a kan 25 yana iya rage ta da rabi, sannan lokacin caji yana fitar da iskar haidurojin mai saurin kama wuta. Wannan na ƙarshen ya girgiza ni, domin ɗakin yana manne da inda yara ke kwana.

Ina son in yi wa batirin ruwa adalci. Ba shi da laifi a wannan labari. Wanda ya auna shi daidai, ya ba shi farantai isassu, ya riƙa duba ruwansa, zai more shi shekaru. Ni ne na ɗora masa kayan da suka fi ƙarfinsa.

Da muka zo tsara sabon aiki, abu na farko da injiniyan ya sa ni yi ba sayen kayan sola ba ne. Ya ce in fara rage abin da gidan ke sha, don wat ɗin da ba ka sha ba, ba sai ka saya masa faranti da batir ba. Muka sauya fankoki uku da masu injin DC, wato mai aiki da irin wutar batir, waɗanda ke jan kusan wat 30, sai 2,100 ta koma 900. Wannan sauyi kaɗai ya sauko da lissafin dare zuwa wajen wat-awa 3,000, har da cajin wayoyi da na'urar intanet, har da cewa sabuwar inbatar da za mu saya ta fi tsohuwar ci. Muka ƙara abin da ake sha da rana, da injin jan ruwa zuwa tanki, sai buƙatar yini da kwana ta tsaya kusan 5,500.

Na ɗauki kwanaki ina karatu a kan batir kafin in yanke shawara, don na riga na ji jiki. Na tsaya a kan litiyam, nau'in da ake rubuta wa LiFePO4, wanda ake haɗawa da ƙarfe da fosfet. Ya bambanta da litiyam ɗin da ke cikin waya da kwamfuta: ya fi nauyi, amma ya fi jure zafi kuma ba ya saurin kama wuta, shi ya sa ake yawan amfani da shi a gidaje. Rukunin John Goodenough na Jami'ar Texas a Amurka ne suka bayyana amfaninsa a batir a shekarun 1990, shi ne kuma ɗaya daga cikin mutum ukun da aka ba kyautar Nobel a 2019 saboda batirin litiyam. Kowane ƙwayarsa bolt 3.2 ne, ana jera 16 su ba da bolt 51.2. Wanda na ɗauka mai amf-awa 100 ne, wato wat-awa 5,120. A takarda kaɗan ya ɗara tsofaffin baturana, amma shi ana iya kwashe kashi 80 nasa kullum ba tare da ya ji ciwo ba, kusan 4,100 ke nan maimakon 2,400. Ba ya buƙatar ruwa, ba ya lalacewa don ya kwana bai cika ba, kuma masu ƙera shi suna lissafa zagayen caji dubbai. A cikinsa akwai wata ƙaramar ƙwaƙwalwa da ake kira BMS, mai lura da kowane ƙwaya, tana yanke wuta idan caji ya yi yawa, ko ya yi ƙasa sosai, ko zafi ya wuce kima. Shi ma yana da abin da ba ya so: ba a caja shi idan sanyi ya kai na ƙanƙara, kuma wuri mai iska da inuwa ya fi masa.

Irin wannan batir mai bolt 51.2 shi ake kira tsarin bolt 48, sai na tambayi injiniyan me ya sa sai shi, ba 12 ko 24 ba. Ya sake jawo takardar. Idan kana son wat 3,000 daga batir mai bolt 12, amf 250 ne za su bi ta waya. A bolt 48, amf 62 da rabi ne kawai. Zafin da waya ke yi kuwa ba ninki huɗu yake ƙaruwa ba idan amf ya ninka huɗu, ninki 16 ne. Ya ce yawancin gobarar da yake gani a irin wannan aiki daga siririyar waya take tashi, ko daga tasha da ba a ɗaure da kyau ba.

Lissafin farantai ya koya mini kada in ɗauki lambar da ke bayan faranti kamar alkawari. Ana auna ta ne a ɗakin gwaji, da haske mai ƙarfin wat 1,000 a kan kowace murabba'in mita, faranti kuma yana kan digiri 25. A kan rufi da tsakar rana faranti yana kaiwa digiri 60 ko fiye, kuma kowane digiri a kan 25 yana rage masa kusan kashi ɗaya cikin uku na kashi 1 cikin 100. A digiri 60 an riga an yi asarar kusan kashi 12. Mutane da yawa suna zaton zafin rana ne ke ba da wuta, alhali haske ne, zafin cutarwa yake yi. In ka ƙara ƙura da asarar waya da ta inbata, abin da ke isowa hannunka kusan kashi 75 ne. Muka ɗauki awa huɗu da rabi na cikakkiyar rana a matsayin ma'auni, lissafi ya ba mu wat 1,600 da ɗoriya. Muka sayi farantai huɗu masu wat 550, jimilla 2,200, saboda ranakun gajimare. Tsohuwar na'urar cajina irin PWM ce, wadda ke jawo bolt ɗin faranti ƙasa zuwa na batir, abin da ya rage ya tafi a banza. Sabuwar inbatar tana ɗauke da MPPT a cikinta, mai laluben inda faranti ya fi ba da ƙarfi a kowane lokaci ta juya rarar bolt zuwa amf. Mun kuma tabbatar ta ba da wuta mai tsabta irin ta layin gari, saboda injin firji ba ya son gurɓatacciya, zafi yake ɗauka yana gurnani. Kuma a lokacin da injin firji ko na ruwa zai tashi, yana fizgar wutar da ta ninka ta aikinsa sau uku ko fiye na ɗan ƙiftawar ido, dole inbata ta iya jure wannan.

Akwai wani abu da na koya a nan da nake so duk mai niyyar sola don ɗaukewar wuta ya sani tun kafin ya sayi komai. Faranti a kan rufi ba ya nufin za ka samu wuta idan an ɗauke. Akwai inbatar da aka ƙera don ta yi aiki tare da layin gari kawai, ba batir, tana tura rarar wuta zuwa layin. Irin wannan, da zarar layin ya mutu ita ma kashe kanta take yi, ko da rana na tsakiyar sama. Da gangan aka yi ta haka. Ƙa'idar IEEE 1547 da ake bi a Amurka ta ce cikin daƙiƙa 2 ta daina tura wuta, domin a lokacin akwai yiwuwar wani ma'aikaci yana saman turke yana gyara, yana da yaƙinin layin a mace yake. Don haka wanda ke son haske a lokacin duhu sai ya nemi inbatar da ke aiki da batir, mai iya raba gidan da layin gari kafin ta fara ba da tata wutar. A kan wannan injiniyan bai yi sassauci ba ko kaɗan. Ya ce, "Malam, wutar gidanka in ta koma layi, ran wani ne. Ba na yin aikin da babu makunnin raba layi." Na ƙara ganin girmansa a ranar.

Aikin ya ɗauki kwana biyu. Rana ta farko ta tafi a kan wayoyin cikin gida. Ya raba su gida biyu: layin dole, wanda ya ƙunshi firji, fitilu, fankoki da wasu soket kaɗan, sai layin manyan kaya, na dutsen guga da tukunyar dafa ruwa da makamantansu, wanda ya bari a kan wutar gari kaɗai. Soket ɗaya ya keɓe daga inbata don guga da rana, ya manna masa alama. Wannan rabon ya ɗauke wa mutanen gida nauyin tunawa da abin da za a jona da wanda ba za a jona ba. Ya sa fis kusa da batir, da bireka tsakanin farantai da inbata. Na ɗauko masa wata bireka da ta rage a gida, ya ƙi karɓa, ya nuna mini rubutun jikinta cewa ta AC ce, wato irin wutar gari, alhali farantai DC suke bayarwa. Wutar AC tana sauka zuwa sifili sau 100 ko 120 a kowace daƙiƙa, don haka tartsatsin da ke tashi idan an raba ta yana mutuwa da kansa. Wutar DC ba ta sauka, tartsatsinta yana iya ci gaba har ya narkar da birekar. Ya kafa sandar ƙarfe a ƙasa ya haɗa ta da firam ɗin farantai da jikin inbata, ya kuma sa na'urar kare kaya daga fizgar wuta lokacin tsawa.

Rana ta biyu muka hau rufi tun da sanyin safiya. Ƙa'idar ita ce faranti ya fuskanci tsakiyar duniya: wanda ke arewacinta ya juya shi kudu, wanda ke kudancinta ya juya shi arewa, a ɗan karkata shi ko da digiri 10 ne don ruwan sama ya riƙa wanke shi. Suka bar tazara tsakanin farantan da rufi don iska ta ratsa. An jera huɗun a layi ɗaya, bolt ɗinsu ya taru ya kai kusan 200, kuma ya gargaɗe ni cewa da zarar haske ya taɓa su akwai wuta a wayoyin nan, ko an kashe komai a ƙasa. Da la'asar aka kunna. Ya ce in je in kashe babban makunnin wutar gari in gani. Na kashe. Talabijin ko ƙyaftawa bai yi ba, domin inbatar tana sauyawa cikin ɗan guntun daƙiƙa. Umma tana zaune a falo ba ta ma san an yi komai ba.

Sai dai tsugune ba ta ƙare ba. A dare na huɗu, allon inbata yana nuna batir kusan cike har ƙarfe ɗaya, sai kwatsam wajen biyar komai ya mutu ba gargaɗi. Gabana ya faɗi, na ce ko na sake faɗawa ramin da na fito. Da safe na kira shi, ya zo kafin hantsi, ya duba ya ce kuskuren nasa ne. Inbatar tana hasashen cajin ne daga bolt, kamar yadda ake yi wa batirin dalma. Shi kuwa wannan litiyam ɗin bolt ɗinsa kusan a wuri ɗaya yake tsayawa daga kashi 90 har zuwa kashi 20, sai a ƙarshe ya faɗi gaba ɗaya. Ga shi kuma kwana biyu a jere muna ta gwada kaya da rana, batirin bai samu ya cika ba. Ya haɗa wata siririyar wayar sadarwa tsakanin BMS da inbata, ya sauya saitin, daga nan batirin da kansa yake gaya wa inbata abin da ya rage masa. Muka saita ta yanke a kashi 20. Muka kuma saita cewa muddin akwai wutar gari, kada a taɓa batir ƙasa da rabi, domin ni don ranar duhu na ajiye shi. Bai ɓoye kuskurensa ba, bai kuma ɗora wa kaya laifi ba.

Abu na biyu ni na gano shi da kaina. Na lura kullum wajen ƙarfe uku na rana wutar da farantai ke bayarwa tana faɗuwa daga wajen wat 1,400 zuwa 1,050 a cikin 'yan mintuna, alhali sama fes take. Na hau na duba, sai ga inuwar tankin ruwa ta kwanta a gefen ƙasa na faranti ɗaya, faɗinta bai fi tafin hannu biyu ba. A cikin faranti ƙwayoyin a jere suke kamar sarƙa, kashi uku, kowane kashi da 'yar hanyar kewaye da wuta ke bi idan inuwa ta toshe shi. Inuwar nan ta ratsa gajeren gefen, ta taɓa kashi ukun duka, sai farantin gaba ɗaya ya fita daga lissafi. Matsar da shi muka yi kamu biyu, matsalar ta kau. Ƙura ma haka: bayan makonni ba ruwan sama, na wanke su da ruwa zalla da tsumma mai laushi, da tsakar ranar na ga ƙarin fiye da wat 200. Da sassafe nake wankewa, gilashin yana da sanyi, don ruwan sanyi a kan gilashi mai zafi yana iya tsaga shi.

A hankali gidan ya koyi tafiya da rana. Jan ruwa zuwa tanki da guga sun koma tsakanin ƙarfe 11 da 2, lokacin da batir ya kusa cika kuma farantai suna da rara. Babbar 'yata ta karɓi aikin duba allo kafin a kwanta, takan leƙo ta ce, "Abba, 86 ne yau." Na sayi ɗan ma'aunin zafi mai waya, bakinsa yana cikin firji kusa da robar magani, allonsa a waje, don kada a riƙa buɗewa. Janareta yana nan, ban rabu da shi ba, amma a can waje nesa da taga, saboda hayaƙinsa yana ɗauke da iskar da ba ta da wari ba ta da launi kuma tana kisa a rufaffen wuri.

Gwajin gaske ya zo ne bayan wata biyar. Iska mai ƙarfi ta kayar da turakun layinmu, sama kuma ta lulluɓe da gajimare kwana uku cur. A irin wannan rana farantai ba sa tsayawa, amma abin da suke bayarwa kaɗan ne. Rana ta farko na ga wat 300, wani lokaci 200. Daren farko muka shiga da kashi 90, muka wayi gari da 38. Yinin nan batir bai wuce 61 ba. Na tara mutanen gida na gaya musu yadda lissafin yake. Muka ajiye talabijin, fanka ta koma ɗaya, a ɗakin Umma, fitila biyu kawai. Ta ce a kashe tata fankar ma, ita ba ta jin zafi. Na ce, "Umma, taki wat 30 ce, lissafi ya ɗauke ta, ki bar ta." Muka wayi gari da 31. Rana ta uku ta fi duhu, da ƙyar muka kai 52 kafin magariba.

A daren nan na farka ƙarfe uku ba tare da wata ƙara ta tashe ni ba. Na je gaban inbata, allon yana nuna 33. Na wuce wurin firji, na ji injinsa yana aiki a hankali, ma'aunin yana kan digiri 5. Daga ɗakin Umma ina jin motsin fanka da numfashinta na barci. Na zauna a kujerar nan dai, na yi lissafi a bayan takardar: abin da muke ja a lokacin, har da cin inbatar, bai kai wat 150 ba, kusan kashi 3 ke nan a kowace awa. Ƙarfe bakwai na safe yana kan 22. Wajen bakwai da rabi gajimaren gabas ya tsage, lambar farantai ta tashi daga 40 zuwa 180, sannan 420. Na tsaya har sai da na ga batir ya koma 23, sannan na buɗe firji na ɗauko mata allurar safe.